Haɗe Ɗaukaka Ƙara a Shari'ar Fili

Rikicin da ya ɓarke a Zangon Kataf ranar 6 ga Fabrairu, 1992, ya taso ne daga shirin mayar da kasuwar garin wani sabon wuri, amma a ƙarƙashinsa akwai tsohuwar jayayya kan gonaki tsakanin Atyap da Hausawa. Kotun musamman ta Mai Shari'a Benedict Okadigbo laifuffukan tarzoma ta saurara, kuma Doka ta 55 ta 1992 ta toshe hanyar ɗaukaka ƙara daga hukuncinta. Shari'ar fili kuwa ƙofarta a buɗe take har Kotun Ƙoli, kuma doguwar tafiyar nan ita ke cinye dukiyar masu ƙara.

Fili ɗaya yakan haifi ɗaukaka ƙara biyu ko uku. Babbar Kotu a Kafanchan ta yanke hukunci, wanda ya sha kaye ya garzaya Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Kaduna, wanda ya yi nasara shi ma ya bi sahu saboda bai gamsu da iyakar da aka shata masa ba, ga kuma wata ɗaukakar da aka shigar tun shari'a na tsakiya kan umarnin hana taɓa filin. Idan aka saurare su daban-daban, kuɗin lauya zai ninka, kuma ana iya samun hukunce-hukunce masu karo da juna a kan gona guda.

Maganin haka shi ne lauya ya gabatar da takardar roƙo, tare da takardar rantsuwa, yana neman a haɗe su. Alƙalai na da ikon amincewa ko ƙi. Abin da suke dubawa shi ne ko ƙararrakin suna gabansu duka, ko batun doka ko na hujja ɗaya ne, da kuma ko haɗewar za ta cuci wani ɓangare.

Inda jama'a suka fi yin kuskure shi ne zaton cewa ƙararrakin sun narke sun zama ɗaya. Sauraro ne kawai ake haɗewa. Kowace ƙara tana nan da lambarta da dalilanta, kuma wajibi ne kotu ta yanke hukunci a kan kowace. Har ila yau, haɗewa ba ta ceton wanda ya makara: wa'adin ɗaukaka hukuncin ƙarshe na Babbar Kotu wata uku ne, na umarnin tsakiyar shari'a kwana 14, sai fa in an nemi ƙarin lokaci.

Ga 'yan kasuwa, lissafin a bayyane yake. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shardanta amincewar gwamna kafin a jinginar da filin da ke da takardar gwamnatin jiha, banki kuma ba ya son jinginar filin da ke gaban alƙali. Wanda ya saya ana cikin shari'a, hukuncin da ya faɗa kan mai sayarwa shi ma zai hau kansa, ko da ya riga ya kafa rumbun ajiyar citta a wurin.