Kada hadis ya yi barci ana tsakar aiki

Masu ɗaukar bidiyo a Birnin Kebbi da Argungu, musamman masu tace hotunan bikin kamun kifi na Matan Fada, sun san wannan damuwar: ka bar hadis (wato hard disk) na waje 'yan mintuna, da ka dawo sai manhajar tace bidiyo ta tsaya cik tana jiransa ya farka.

Windows ce ke kashe shi bayan minti 20 don adana wuta. Shiga Control Panel, ka buɗe Power Options, ka nemi Turn off hard disk after, ka sa sifili. A nan dai ka kashe USB selective suspend, domin sau da yawa shi ne mai laifin. Wasu hadis, irin na WD, suna da nasu agogon barci a ciki, sai da manhajar kamfanin ake gyara shi.

Sai dai a kula. Hadis da ba ya hutawa yana ɗaukar zafi, kuma zafin Maris da Afrilu a Kebbi yakan wuce digiri 40. Ajiye shi inda iska ke shiga, ka cire shi ta hanyar da ta dace in aiki ya ƙare. Bidiyon bikin mutane kuwa, a ajiye kwafinsa a wuri biyu.