Mayar da Injin Kafireta Zuwa Injekta: Abin da Aikin Ya Ƙunsa

Tun bayan janye tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, masu tsofaffin motoci, irin su Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna da ƙananan Toyota na shekarun 1980, sun fara tunanin cire kafireta su sa injekta domin rage shan mai. Aikin yana yiwuwa, amma yawancinsa ba a kan injin yake ba, a hanyar mai da wayoyin lantarki yake, kuma a nan ne ake yawan tafka asara.

Kafireta tana gauraya fetur da iska ne ta hanyar zuƙa: iskar da inji ke ja tana ratsa wani maƙogwaro mai ƙunci, sai gudunta ya ƙaru, ta janyo mai ta ƙananan ramukan da makanikai ke kira jet. Fetur yana ƙonewa sarai idan an haɗa kimanin kashi 14.7 na iska da kashi 1 na mai a ma'aunin nauyi, amma kafireta ba ta da hanyar sanin ko ta dace da wannan ma'auni, domin saiti ɗaya take bi a hunturu da bazara, a gaɓar tekun Legas da kan tudun Jos inda iska ta fi sauƙi. A tsarin injekta kuwa, wata ƙaramar kwamfuta da ake kira ƙwaƙwalwar mota ce take karɓar bayani daga sensa, wato na'urorin da ke auna zafin ruwan inji, da yawan iska, da buɗewar totur, da iskar oksijin da ta rage a hayaƙi, sannan ta yanke tsawon lokacin da kowane nozul zai buɗe ya fesa mai.

Kafin a sayi komai, wajibi ne a auna matsin kowace silinda, saboda injin da ringinsa ya cinye yana shan baƙin mai ba zai warke da injekta ba, hasali ma hayaƙinsa zai lalata sensar oksijin, ƙwaƙwalwa ta riƙa lissafi da bayanin ƙarya. Sau da yawa kuma motar da ake zargin kafiretarta ba ta buƙatar komai sai wanke jet, da sabon filtar iska, da fulogi, da gyaran taimin.

Idan injin lafiyayye ne, hanyar mai ce ta fi cancantar kulawa. Famfon kafireta yana tura fetur da matsin da bai kai rabin ba ɗaya ba (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne), alhali injekta mai nozul a kowace silinda tana aiki da kimanin ba 3, don haka tsohuwar tiyo da aka ɗaure da waya tana iya fashewa ta watsa fetur a kan bututun hayaƙi mai zafi, wanda shi ne mafarin gobara. Dole ne a sa famfon lantarki, da tiyo mai jure matsi, da bututu na biyu da zai mayar da rarar mai tanki, a kuma sauke tankin a wanke tsatsarsa, tun da ƙwayar datti ɗaya ta isa ta toshe nozul. Akwai kuma ɗabi'ar da direba zai bari: kafireta tana da ɗan kofi da ke ajiye mai, shi ya sa ake iya yawo da lita biyu a tanki, amma famfon injekta da ya zuƙi iska a kwana sai mota ta yi shaƙuwa, kuma da yake fetur ne ke sanyaya shi, yawan gudu da busasshen tanki yana ƙona shi.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a samo kayan daga inji ɗan gida ɗaya, kamar Toyota 22R da ɗan'uwansa 22R-E, a ɗauko manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska, tare da ƙwaƙwalwa da sensa da cikakken damin wayoyi daga mota guda, maimakon a tsinto su ɗaya-ɗaya a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka. Wani lokaci sayen injin Beljiyam ɗungurungum da wayoyinsa ya fi araha. Kayan da ake sayarwa a haɗe, irin su Holley Sniper, an fi ƙera su domin manyan injunan Amurka, su kuwa MegaSquirt da Speeduino sai an zauna da kwamfuta an saita su, aikin da masu iya shi ba su da yawa.

Wannan ƙaranci shi ne dalilin da ya sa a gareji da dama akasin haka ake yi, ana cire injekta a sa kafireta da zarar ta gagari bakanike. Saboda haka, ya kamata mai mota ya fara tabbatar da cewa a garinsu akwai mai rewaya da ya iya karanta taswirar wayoyi, sannan ya lissafa litar da yake sha a wata, ya gwada da kuɗin aikin, domin motar haya da ke kan hanya kullum za ta iya mayar da kuɗinta, amma wadda ake fita da ita jefi-jefi da wuya ta mayar.