Wasiƙa ga Matasan Ƙaura, Shinkafi da Zurmi



Da yawanku sun fara kallon zumunci a matsayin kaya mai nauyi da gara a sauke. Kafin ku sauke, ku tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, har da ta Shinkafi mai ci ranar Alhamis. Mai tarin abokai a Facebook ya wayi gari ba ya jin ɗuriyar ko ɗaya. Saƙo ya koma hannun direbobin tasha: a rubuta takarda, a ninke, a ce a miƙa wa wane a unguwa kaza. Takarda kuwa ba ta isa sai gidan da aka san ƙofarsa.

Ku duba kuma inda mutanen ƙauyuka ke sauka idan 'yan bindiga sun tashe su. Akasarinsu gidan dangi suke nufa, wajen baffa a cikin Zurmi, ko wajen ɗiyar da aka aurar Ƙaura tun da daɗewa. A share zaure, a shimfiɗa tabarmi, a ƙara ruwa a tukunyar miya. Kuɗin fansa ma, duk da ɗacinsa, karo-karon 'yan uwa ne, wannan ya sayar da sa, wancan ya jinginar da gona. Babu bankin da zai yi wa talaka haka, kuma mai jinginar da gonarsa saboda kai ya daɗe yana ganin ƙafarka a sunansa da ta'aziyyarsa.

Na san abin da za ku ce: dangi na cinye mutum. Yaro ya gama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, ya samu ɗan aikin da albashinsa bai kai tsakiyar wata ba, waya kuma ba ta daina ƙara. Gaskiya ne, kuma babu laifi ka ce wa ɗan uwa ba ka da shi. Laifin shi ne ka daina ɗaga wayar, ka ƙaurace wa gida don gudun roƙo. Rabin abin da gwaggonka ke nema a wajenka gaisuwa ce.

Ƙorafi na biyu ya fi zafi, cewa masu kai wa 'yan bindiga rahoto wani lokaci daga cikin gida suke. Haka ne. Sai dai irin wannan yaron ya fi tasowa inda babu kawun da ke tambayar inda ya kwana da inda ya samu sabon babur. Haka ma tsakanin manomi da makiyayi. A da, bayan girbi Bafulatani kan sauka a gonar Bahaushe, shanu su bar masa taki, a musanya nono da gero, kowa ya san sunan 'ya'yan kowa. Talauci da rashin adalci da yawan makamai su ne suka hura wutar yau, amma ta fi saurin ci inda wannan sanayya ta mutu.

Ban ce kada ku fita nema ba. Tun 1929 da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura yana kwasar gyaɗa da auduga, kakanninku suka riƙa bin sa zuwa Zariya da kudu. Amma damina na faɗuwa sukan komo gona, su bi gida-gida da tsaraba, ko da sabulu ne da goro.