Darasi: Tsuntsaye da Itatuwan da Suke Yi Mana Aiki Ba Tare da Lada Ba

Manufar wannan darasi ita ce mu gane amfanin namun daji da tsuntsaye da itatuwan ƙasarmu, mu ga abin da yake ƙarar da su, mu kuma shirya abin da za mu yi kafin damina ta faɗi. Za a iya karanta shi a taron zumuntar mata, ko na matasa, ko bayan sujada. Mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, sauran su amsa tambayoyin da suke ƙarshe.

Abin da muke rasawa

'Yan'uwa, idan muka tambayi dattawanmu na Kaikai da sauran ƙauyukan Kusada da Kankia, za su lissafa mana dabbobin da suka saba gani suna yara: barewa, gada, zomo, bushiya, damo, guza, zabin daji da makwarwa. Za su gaya mana cewa babu mahautar da ba a ganin ungulu a kanta ranar kasuwa. Yau yaro yakan girma bai taɓa ganin waɗansunsu ba. Gauraka, wadda ake ɗauka ita ce tsuntsuwar ƙasa ta Nijeriya, ta kusa ɓacewa daga ƙasar gaba ɗaya.

Wani zai ce ai gwamnati ta keɓe dazuzzuka domin namun daji, kamar Yankari a Bauchi da Falgore a Kano. Gaskiya ne. Amma waɗannan suna da nisa da mu. Dajin Rugu kuwa, wanda yake yammacin jiharmu ta Katsina, 'yan bindiga sun mai da shi maɓoya, har ma'aikatan gandun daji ba su iya kula da shi yadda ya kamata. Saboda haka wurin da ya rage wa yawancin halittun nan shi ne gonakinmu, da bakin rafi, da itatuwan cikin gari. Ko su rayu a hannunmu, ko su ƙare a hannunmu.

Ma'aikata huɗu

Bari mu duba guda huɗu da muke rainawa.

Ungulu. Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza. Ita ce take share mushe kafin ya ruɓe. Cikinta yana da ƙarfin kashe ƙwayoyin cuta masu yawa. A shekarar 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun da muka saba gani a kasuwanni cikin jerin tsuntsayen da suke gab da ƙarewa. Ƙwai ɗaya tak take sakawa a shekara, don haka idan aka kashe uwa ɗaya, da wuya a mai da gurbinta. Ana kama ta a sayar wa masu tsibbu da bokaye, wasu kuma suna mutuwa idan suka ci mushen da aka zuba wa guba.

Ƙasar Indiya ta riga ta ga ƙarshen wannan hanya. Daga shekarun 1990 ungulayenta suka soma mutuwa saboda wani maganin ciwo mai suna diklofenak da ake ba shanu. Fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗansu irinsu suka hallaka. Mushe ya taru, ruwan sha ya gurɓace, karnuka marasa masu suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Gwamnati ta hana ba dabbobi maganin a 2006, amma an riga an yi ɓarna. Wani bincike da aka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa mutane wajen 500,000 suka rasu tsakanin 2000 da 2005 sakamakon rashin ungulu.

Mujiya. Mutane da yawa suna jifanta domin sun ɗauka tsuntsuwar mayu ce. Wannan camfi ne, bai kamata mai bi ya ji tsoron kukan tsuntsu ba. Abincinta ɓera ne, tana farautarsa kowane dare, balle lokacin da take ciyar da 'ya'ya. Wanda ya kori mujiya daga kusa da rumbunsa ya buɗe wa ɓera ƙofa.

Shamuwa. Takan baro kudancin Afirka ta iso mana gab da damina, shi ya sa manomi yake murna da ganinta. Tana cin fara da tsutsotsin da suke cinye shuka. Amma yawanci a kan babban itace take sheƙa. Idan muka sare manyan itatuwan gari, ina za ta sauka?

Jemage. Da dare yakan bi furen kuka da na ɗorawa yana shan zaƙinsu, yana ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan. Ta haka itatuwan suke yin 'ya'ya da yawa. Daddawar da take cikin miyarmu akwai hannun jemage a ciki.

Me yake ƙarar da su?

Na farko shi ne sare itatuwa domin girki da gawayi da faɗaɗa gona. Dabbar da ba ta da gida ba ta hayayyafa. Na biyu, ƙona daji da rani domin a kama gafiya ko zomo. Wuta ɗaya takan cinye ƙwai, da ƙananan itatuwa, da ciyawar da awaki za su ci har damina. Na uku, farauta a lokacin da dabbobi suke da ciki ko suna shayarwa. Na huɗu, guba: wadda ake zuba wa mushe don a kashe karnuka, da maganin ƙwari da ake zubawa a tafki don a kama kifi.

Mun san talauci ne yake tura yawancinmu. Matar da ba ta da itace ba za ta dafa tuwo ba. Saboda haka cewa "a daina" kaɗai ba ya isa, sai an samu hanyar da za ta ba mu itace ta kuma bar wa tsuntsu wurin kwana.

Abin da ya faru a Maraɗi

Irin wannan hanya ta fito daga maƙwabtanmu na arewa. A farkon shekarun 1980 gonakin Maraɗi a Nijar sun zama fili fetal. Iska tana binne shuka da rairayi, manomi ya yi shuka sau biyu ko uku. An kashe kuɗi wajen dasa itatuwa, yawancinsu suka mutu. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura cewa 'yan tsirarrun da manoma suke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne. Tohon kututturan itatuwa ne da saiwoyinsu suke da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ba sai an dasa ba, sai dai a bar su su tashi.

A lokacin yunwar 1984 aka haɗa wannan aiki da rabon abinci. Da rabon ya ƙare, manoma da yawa suka sare itatuwan. Amma waɗanda suka bar nasu suka ga gero bai ragu ba, ga itacen girki, ga abincin dabbobi. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Hausawan can suka sa wa dabarar suna sassabin zamani. An ƙiyasta cewa ta kai hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200.

A Kure kuma, kusa da Yamai, raƙuman dawa 49 ne kawai suka rage a 1996, su ne na ƙarshe a duk Afirka ta Yamma. Ba a cikin shinge suke ba, cikin gonakin mutane suke kiwo. Da aka hana kashe su, aka kuma taimaki ƙauyukan da suke zaune da su, sai suka haura 600. A 2018 aka kai takwas dajin Gadabeji a jihar Maraɗi. Wannan ya nuna mana cewa abin da ya kusa ƙarewa yana iya dawowa idan mutanen ƙauye suka yarda.

Yadda ake sassabin zamani

1. Kafin sharar gona, mu zaga mu duba kututturan da suke toho: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya, marke, ƙirya.
2. A kowane kututture mu zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, mu yanke sauran.
3. Mu yi amfani da wuƙa ko adda mai kaifi, mu yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya ɓare.
4. Mu rage ƙananan rassan gefe har zuwa rabin tsawon reshen.
5. Mu ɗaura tsumma a jiki, alama ce cewa itacen yana da mai shi.
6. Mu riƙa komawa bayan 'yan watanni muna gyarawa. Abin da muka yanke ya zama na murhu.

Mu ba gawo fifiko. Yakan zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya tare wa gero rana. Yana ƙara wa ƙasa taki, 'ya'yansa kuma abincin awaki ne a tsakiyar rani.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar

A Farawa 2:15 aiki biyu aka ba mutum a cikin gonar, noma da tsaro. Mun riƙe na farko, mun saki na biyu. A Maimaitawar Shari'a 22:6-7 akwai doka a kan sheƙar tsuntsu, wadda ta hana a kama uwa tare da 'ya'yanta. Ba a hana mutum cin nama ba, an hana shi kashe iri. Mu masu riƙon amana ne, za mu kuwa miƙa ƙasar nan ga jikokinmu.

Ba aikin mutum ɗaya ba ne

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan mutum ya raini itace wani ya zo da dare ya sare, ba zai sake ba. Saboda haka dattawan ikkilisiya su je wurin mai unguwa da dagaci, a kira maƙwabtanmu Musulmi, da Fulani makiyaya, da sarkin mafarauta, a zauna a yi yarjejeniya. Iskar da take ɗebe ƙasar gona ba ta tambayar addinin mai gonar. A yarda cewa wanda ya raini itace shi ne mai shi, makiyayi ya nemi izini kafin ya sassaƙo reshe, ba ƙona daji, ba farauta da damina, ba zuba guba a mushe ko tafki. Mushen dabbar da ta mutu da cuta ko bayan allura, a binne shi da zurfi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne dabbobi da tsuntsaye ne dattawanmu suka sani waɗanda ba mu gani yanzu? Mu rubuta sunayensu.
2. Tafiyar sa'a nawa matanmu suke yi kafin su samu itacen girki? Yaya take shekara ashirin da suka wuce?
3. Waɗanne camfe-camfe ne suke sa muna kashe mujiya da jemage? Me za mu koya wa yaranmu masu harbi da danƙo?
4. Me ya sa waɗansu manoman Maraɗi suka sare itatuwansu, waɗansu kuma suka bari?
5. Wa za mu aika wurin mai unguwa, kuma yaushe?

Aikin wannan mako

Kowane gida ya zaɓi kututture goma a gonarsa, ya gyara su, ya ɗaura musu tsumma. Matasa su fara da filin coci domin kowa ya gani. A taro na gaba kowa ya faɗi irin itatuwan da ya samu, magatakarda ya rubuta, bayan girbi mu sake ƙirgawa mu ga nawa suka rayu.