Darasin Lafiya: Gyambon Ciki da ya Ƙi Jin Magani

Daga Madawa zuwa Buza har Keita, mutane da yawa suna kuka da zafin ciki da ƙwarnafi. Sau da yawa dalilin shi ne gyambon ciki.

Me ke kawo shi?

Wata ƙwayar cuta ce mai suna Helikobakta filori. Ido ba ya ganinta. Likitoci biyu na ƙasar Ostiraliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta a 1982. Tana shiga ta baki, galibi tun ana yara. Idan ta daɗe tana iya huda ciki, ko ta jawo ciwon daji. Kanwa tana kwantar da zafi na ɗan lokaci, amma ba ta kashe ta.

Me ya sa magani yake kasawa?

Maganin farko yakan zama iri 3: omefarazol da amoksisilin da kalaritoromisin, har kwana 14. Wanda ya ji sauƙi ya daina sha, ya kashe masu rauni ne ya bar masu ƙarfi. Haka kuma mai sayen kafso ɗaya ko biyu wurin masu talla ranar kasuwa. Ƙwayar cutar sai ta saba, ta daina jin maganin.

Magani na biyu

Mun san idan ciyawa ta tsira bayan noman fari, sai a yi maimai. To, wannan ciwo ma yana da maimai, amma ba da maganin farko ba. Likita yakan sake wasu iri 4: omefarazol da bismut da tetarasikilin da metoronidazol, kwana 10 zuwa 14.

Abin da ya kamata mu kiyaye

1. Mu koma asibitin gundumarmu da takardar maganin farko. In ta kama, za a tura mu babban asibitin Tawa.
2. Mu shanye maganin duka a kan lokaci, ko da baki ya yi ɗaci.
3. Kada mu haɗa tetarasikilin da nono. Mu bar awa 2 tsakaninsa da fura.
4. Mai juna biyu da yaron da bai kai shekara 8 ba, ba sa shan tetarasikilin.
5. Mu guji asfirin da dikolofenak, domin suna tsananta gyambo.
6. Bismut yakan baƙanta harshe da bayan gida, wannan ba illa ba ce. Amma aman jini, ko baƙin bayan gida mai danƙo tare da jiri, a garzaya asibiti.
7. Mako 4 bayan gamawa, mu koma a auna a ga ko cutar ta mutu.

Magungunan da ke kashe ta kaɗan ne. Duk wanda muka ɓata, mun rage wa ƴaƴanmu.

Tambayoyi

Me ya sa ba a maimaita maganin farko? Wa aka hana wa tetarasikilin?