Yi Wa Tsoho Wanka A Kan Gadonsa

A Ingila da Amurka da Japan akwai gidaje inda a ke ajiye tsofaffi marasa ƙarfi, ma'aikata suna jiyyarsu dare da rana. Da yawa cikinsu ba su iya tashi, tilas a yi musu wanka a inda su ke kwance. A wurinmu kuwa tsoho a gida ya ke kwanciya, 'ya'ya da jikoki su ne masu jiyya. Saboda haka ya kamata mu koyi yadda ma'aikatan nan su ke yi, gama fatar tsoho ba ta da kauri. Idan gumi da fitsari sun daɗe a kanta sai ta saɓule, miki ya buɗe. Irin wannan miki ya kan yi watanni bai warke ba, wani lokaci ma shi ne ajali.

Hanyar da aka fi sani ita ce ta daro da tsumma. Tun 1859 Florence Nightingale ta yi gargaɗi cikin littafinta na jiyya, kada a buɗe jikin majiyyaci da yawa gaba ɗaya. Har yau haka a ke koyarwa. A rufe ƙofa, a lulluɓe shi da zane, a buɗe gaɓa ɗaya kaɗai, a wanke, a share, a rufe, sa'an nan a wuce gaba. Ruwan ya zama mai ɗumi, mai jiyya ya gwada shi da gwiwar hannunsa tukuna. A fara da idanu, ba sabulu, daga wajen hanci zuwa wajen kunne. Daga nan fuska, da hannuwa, da ƙirji, da ƙafafu. A juya shi a gefe a wanke baya. A sake ruwa da tsumma, a wanke al'aura a ƙarshe, daga gaba zuwa baya. In yana iyawa, a ba shi tsumma ya wanke wurin da kansa. Soso mai kaushi ba na fatar tsoho ba ne.

Wurin sharewa ne mutane su kan yi gaggawa, nan kuwa ya fi bukatar haƙuri. Hamata, da ƙarƙashin nono, da matsematsi, da tsakanin yatsun ƙafa, lalle su bushe sarai. A duba tsatso, da ƙugu, da diddige, inda ƙashi ya ke danne fata. Idan wurin ya canja launi, ko ya yi zafi ko tauri, kada a murza shi. Dā a kan ce a murza, amma yanzu an gane murzawa ƙara ɓarna ta ke yi. Sai a ɗauke nauyin jiki daga wurin, a riƙa juya shi wajen kowace sa'a 2, a kuma nuna wa likita.

Akwai wata hanya domin waɗanda tsufa ya ruɗa hankalinsu, masu ihu da duka in sun ga ruwa. A jiƙa babban tawul da ruwan ɗumi da sabulun da ba ya bukatar ɗauraya, a shimfiɗa shi a kan jiki ƙarƙashin bargo, a shafa a hankali ta bisa tawul. A 2004 aka buga sakamakon gwajin da aka yi a gidajen tsofaffi na jihohin Oregon da North Carolina a Amurka: faɗan da su ke yi lokacin wanka ya ragu fiye da rabi. Mu dai a ganinmu abin ba mamaki ba ne. Wa zai yarda baƙo ya tuɓe shi cikin sanyi bai ce masa kome ba? Mai jiyya ya gai da shi da sunan girma, ya faɗa masa abin da za ya yi kafin ya taɓa shi. In ya ƙi, a bari sai an jima.

Mutanen Japan, da ya ke suna son shiga ruwa ƙwarai, su kan aika da mota har gida, da mutum 3 da kwamin wanka mai haɗawa. A haɗa shi kusa da gado, a ɗaga tsohon a sa shi cikin ruwa. Ɗaya daga cikin ukun ma'aikacin jiyya ne, shi ke auna zafin jiki da bugun jini kafin wanka da bayansa.