Matakan Neman Zinariya a Rafukan Biktoriya da Faranti da Shebur

A jihar Biktoriya da ke kudu maso gabashin Ostireliya, neman zinariya a rafi abin hutu ne, kamar yadda wani ke fita kamun kifi ranar Asabar. Tun 1851 da aka gano zinariya a Ballarat da Bendigo ake wanke yashin yankin, kuma har yau yana bayarwa kaɗan kaɗan. Ga yadda ake bi.

Mataki na 1: Nemi izini kafin ka sayi komai. Zinariyar da ke cikin ƙasa ta gwamnati ce, ko da filin naka ne. Takardar da ke halatta maka nema sunanta Miner's Right. Ana saye ta intanet da kuɗi kaɗan, tana aiki shekara 10, kuma abin da ka samu ta hanyar da doka ta yarda ya zama naka. Duk wanda ya kai shekara 18 sai da ita. Yara kuwa suna fakewa da ta babban da ke lura da su. Takardar tana da tarihi: an ƙirƙiro ta a 1855, bayan boren masu haƙar zinariya a Eureka cikin Disambar 1854, inda aka zubar da jini kan tsadar lasisin wancan zamani. Ka riƙe ta a jikinka duk lokacin da kake aiki.

Mataki na 2: Tabbatar da wurin. Nan ne mafi yawan sababbi ke shiga matsala, don izinin bai buɗe maka kowane rafi ba. Filin wani sai da yardar mai shi. Inda kamfani ke da lasisin haƙa, sai ka tambayi kamfanin. Akwai jerin koguna da aka haramta nema a cikinsu ɗungurungum, haka ma yawancin gandun dajin da gwamnati ta killace don kare halittu, ban da sassan da aka keɓe a wasu, irin na Castlemaine da Beechworth da Warrandyte. Duba taswirar hukuma tun kana gida.

Mataki na 3: Haɗa kaya. Doka ta tsaya a kan kayan hannu: babu nakiya, babu injin tona ƙasa, babu injin zuƙe yashin gindin kogi. Kana buƙatar farantin wanki na roba, baƙi ko kore, mai faɗin kamar santimita 35 da ƴan tsage-tsage a gefe guda, rariya, ƙaramin shebur, bokiti, ƙugiyar ƙarfe ta ƙwaƙule tsagar dutse, maganaɗisu, da ƴar kwalbar roba da ake matsawa ta tsotse ƙwayoyin. An yarda da na'urar gano ƙarfe, kuma da ita aka tsinci wani curin zinariya mai kilo 27 a Kingower a 1980, amma a ganina mai koyo ya fara da faranti.

Kada ka kusanci zaiba. Guba ce ga mai aiki da ita, ga kifi, da duk mai shan ruwan, kuma wankin hannu ba ya buƙatarta. Mu da muka ga yadda ƙurar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 mun san abin da ganganci ke jawowa a wannan harka.

Mataki na 4: Karanta rafin. Zinariya ta fi ruwa nauyi sau 19, yashi kuwa bai kai sau 3 ba. Saboda haka idan ambaliya ta kwaso su tare, ita ce ke fara zama da zarar gudun ruwa ya ragu: a cikin kwanar rafi, a bayan manyan duwatsu, kuma tana nutsawa har ta tokare da fa ko taurin yumɓu. Yashin sama ɓata lokaci ne. Nemi tsagar dutse da ta gitta wa ruwa, ka ƙwaƙule ta har ƙarshe. Cokali biyu na lakar can ciki sun fi bokitin yashin fili. Kada ka tona gaɓar rafi, kada ka taɓa saiwar itace.

Mataki na 5: Wanke. Tace abin da ka ɗebo da rariya, ka cika rabin faranti. Nitsar da shi cikin ruwa mai sanyin gudu, ka murje yumɓun da yatsu har ya narke, don curin yumɓu kan tafi da zinariya. Girgiza hagu da dama sosai domin mai nauyi ya sauka. Sai ka karkata farantin gaba, tsage-tsagen suna nesa da kai, ka bar ruwa ya share saman a hankali. Daidaita, sake girgizawa, sake sharewa. Mai gaggawa yakan tsallake girgizar, ya zubar da rabonsa bai sani ba. Idan ya rage baƙin yashi kamar cikin cokali, zuba ruwa kaɗan ka juya shi a hankali. Baƙin zai ja baya, zinariyar ta tsaya a gefe, rawaya, ba ta motsi. Launinta ba ya canzawa ko a inuwa. Abin da ke walƙiya a rana ya dushe a inuwa, ko ya farfashe da ka danna shi da allura, ba ita ba ce. Ta gaske lotsawa take yi. Maganaɗisu a cikin leda zai ɗauke yawancin baƙin yashin.

Mataki na 6: Gyara wurin. Cike kowane rami, mayar da duwatsu da ganyayen da ka kawar. Doka ce, kuma sakaci da ita na cikin hujjojin masu neman a rufe wuraren. Wuraren tarihi na Aborijin, ƴan asalin ƙasar, da kufan tsofaffin masu haƙa, doka ta kare su, ba a ɗaukar ko tsinke. Yi hattara da tsofaffin rijiyoyin haƙa da ciyawa ta rufe, da macizai, da gobarar daji tsakanin Disamba da Fabrairu.

Mai karatu a Najeriya ya sani cewa wannan izini na Biktoriya ne kawai. A gida, dokar ma'adinai ta 2007 ta damƙa dukkan ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma lasisi daga ofishin rajistar haƙar ma'adinai na tarayya yake fitowa, don haka can za a fara tambaya kafin a sa shebur a rafi.